Idan 'yan sanda sun fesa maka barkono: matakan taimakon gaggawa ɗaya bayan ɗaya

Tun bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, lokacin da aka yi ta harba barkonon tsohuwa a Kano da Kaduna da Abuja, masu karatu ke ta maimaita tambaya ɗaya: idan abin ya shiga ido da hanci, me za a yi, kuma wanne ne za a fara? Ba mai zanga-zanga kaɗai abin ke samu ba. Yana samun mai shago a bakin titi, da ɗalibar da ke dawowa daga Islamiyya, da ɗan kallon ƙwallo, da direban adaidaita sahu da cunkoso ya rutsa da shi.

Babu wani magani da ke kashe raɗaɗin nan take. Abin da ke aiki iska ce, da ruwa mai tsabta, da lokaci. Wata ɓarnar da ake gani daga baya kuwa daga abin da jama'a suka zuba wa mutum da sunan taimako take fitowa.

Ka fara gane wanne ne ya same ka

Iri biyu ne aka fi cin karo da su. Na farko shi ne ɗan gwangwanin da jami'i ke riƙewa a hannu ya fesa wa mutum a fuska daga nisan mita uku zuwa huɗu. Abin da ke ciki man barkono ne, ana kiran sa OC, kuma sinadarin da ke sa attaruhu yaji shi ne a ciki, sai dai an tace shi an ƙara masa ƙarfi sosai. Yana fitowa kamar tsirtuwar ruwa, ko hazo, ko kumfa, ko mai kauri mai danƙo. Da yake mai ne, yana manne wa fata da gashi. Duk macen da ta taɓa jajjaga attaruhu ta san ruwa kaɗai ba ya fitar da yajin daga hannu, sai da sabulu. Zafinsa mai tsanani yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, raɗaɗin fata kuma yana iya kai wa wasu awanni.

Na biyu shi ne wanda ake harbowa ko a jefo cikin taro ya yi ta fitar da farin hayaƙi. Wannan sinadarin CS ne, kuma a zahiri gari ne mai laushi da ke tashi a iska ya sauka a tufafi da gashi. Idan mutum ya fita zuwa iska mai kyau, yawanci yakan lafa cikin minti 15 zuwa 30.

Matakan kusan ɗaya ne. Inda suka bambanta za a faɗa.

Kayan da ake buƙata

Ruwan sha mai tsabta, mai sanyin randa, ba na ƙanƙara ba, ba mai zafi ba. Ledar fiya wata rabin lita ce, jaka guda mai leda 20 lita 10 ke nan. Ka ware leda shida zuwa goma ga mutum ɗaya. Sai sabulun wanke-wanke na ruwa ko farin sabulu marar turare, da tsumma mai tsabta ko takardar goge hannu, da safar hannu ta roba, da manyan ledoji biyu na zuba tufafi, da almakashi, da rigar canji. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a cikin jaka ba. Idan akwai kemis kusa, ruwan ƙarin ruwa na gishiri da ake ɗaura wa marar lafiya ya fi komai daɗin wanke ido, amma kada a jinkirta wanki don neman sa. Kada wani ya sayar maka da wata kwalba mai tsada wai maganin barkonon tsohuwa.

1. Fita daga wurin

Rufe baki da hanci da abin da ke hannunka, ka bar wurin da sauri amma ba da gudun fitar hankali ba. Gudu yana sa a ja numfashi mai zurfi, kuma wanda idonsa ke rufe kwata ko mota zai faɗa wa. Dubi inda hayaƙin ya nufa ka ratse gefe, sannan ka nufi inda iskar ke fitowa. Hayaƙin CS yana kwanciya ƙasa, don haka a nemi tudu, a kuma ɗaga yara sama. Yaron da ke tafiya a ƙasa ya fi babba shaƙa.

Hattara: kada ka shige shago ko lungu marar mafita ka rufe ƙofa idan hayaƙin ya riga ya shiga. Kada ka ɗauki gwangwanin da aka harbo. Yana da zafin da zai saluɓe fatar tafin hannu.

Idan kai ne mai taimako, kama wanda abin ya shafa a gwiwar hannu, ka faɗa masa sunanka da inda za ka kai shi. Mutumin da ba ya gani, yana jin kamar zai mutu, zai iya kai wa kowa duka.

2. Duba numfashi kafin ido

Nan ne mutane suka fi kuskure. Kowa kan ido yake rufuwa saboda shi mai abin ke ihu a kai, alhali haɗarin rai a ƙirji yake.

Zaunar da shi, ya ɗan sunkuyo gaba, a kwance masa maɓallin wuya, a sassauta rawani ko hijabi. Jama'a su ja baya iska ta samu hanya, a yi masa fifita da mafici ko kwali. Tambaye shi sunansa. Idan yana iya yin magana jimla guda ba tare da ya tsaya jan numfashi ba, iska na shiga. Ka ce ya riƙa jan numfashi a hankali, ya tofar da yawu, ya fyace majina, kada ya haɗiye. Tari da hawaye da dalalar majina duk jiki ne ke korar abin, a bar su su zuba.

Tambaye shi ko yana da asma ko ciwon zuciya. Idan yana da abin shaƙa, a wanke hannu a miƙa masa ya yi amfani da shi yadda likita ya koya masa.

Hattara: kada a kwantar da shi rub da ciki, kada a danne masa baya ko ƙirji. Idan ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a kan gefensa, kuma kada a ɗura masa ruwa ko madara a baki. Idan leɓɓansa sun canja launi, ko ƙirjinsa na fito, ko ya kasa magana, a bar duk sauran matakan a tafi asibiti, ana wankin idon a hanya. Lambar gaggawa a Najeriya ita ce 112, amma kada a zauna jiran mota idan akwai abin hawa a kusa.

3. Hannu

Kada a murza ido. Murzawa tana tura man cikin fata, tana kuma goge baƙin ido ya yi rauni. Faɗa ba ta isa ba, don hannu da kansa yake tafiya, saboda haka ka ba shi wani abu ya riƙe da hannu biyu, ko ya dafa gwiwoyinsa.

Mai taimako ya sa safar hannu, in babu ya zura hannunsa cikin leda. Shi ma wanda aka fesa a wanke masa hannu da sabulu tun yanzu, har ƙarƙashin farce. Mai sa ɗan gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, a cire masa da hannu mai tsabta a jefar. Ba ya wankuwa. Tabarau kuma a cire a ajiye gefe, sai an wanke shi da sabulu za a mayar.

4. Wanke ido

Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi aka fi yi rabi da rabi.

Idan akwai kumfa ko ɗigon feshin a fuska, fara ɗauke shi da busasshen tsumma, dangwalawa ba gogewa ba, daga gefen ido zuwa waje. Kowace dangwala da sabon gefen tsumma. In ka fara da watsa ruwa, man da ke goshi da gira zai gangaro cikin idon.

Sannan ya karkata kansa gefen idon da za a wanke, wato idan idon dama ne, kunnen dama ya kalli ƙasa. Huda ledar ruwa ƙaramar huda a kusurwa, da abu mai tsabta ba da haƙori ba, ka riƙe ta kamar yatsa uku sama da idon. Ka sa ruwan ya sauka a kusurwar ido ta wajen hanci ya gangara ta wajen kunne ya zuba ƙasa. Ta haka ruwan da ya ɗauko yaji ba zai tsallaka ɗaya idon ba, ba zai bi ta baki da wuya ba. Matsa ledar a hankali. Ana son ruwa mai gudana ne, ba mai dukan ido ba. Sabuwar buta ko wadda aka keɓe wa ruwa mai tsabta ma tana yin wannan aikin da kyau saboda bakinta siriri ne, amma ban da butar bayi.

Idon zai ƙi buɗuwa. Ba taurin kai ba ne, fatar idon ce ke damƙewa da kanta. Sa babban yatsa a ƙashin gira ka ɗaga fatar sama kaɗan, ɗan yatsa kuma ya ja ta ƙasa, ba tare da danna ƙwayar ba. Ka ce ya yi ta ƙiftawa da ƙarfi, ya juya idon sama da ƙasa da gefe. Leda ɗaya a wannan ido, a juya kai, leda ɗaya a wancan, a yi ta yi har minti 10 zuwa 15 a agogo. A duba agogon da gaske, domin minti biyu a wannan halin kamar goma ake jin su.

Da ruwa ya taɓa wurin, zafin yakan ƙaru na ɗan lokaci, musamman ga hayaƙin CS. Ka gaya masa tun kafin ka fara, don kada ya ture ka. Ɗan ruwa kaɗan da aka shafa aka tsaya ya fi cutarwa a kan ruwa mai yawa da ya gudana. Idan ruwan da ke hannu leda ɗaya ce tak, a zuba ta a ido, fuska kuma a bar wa iska.

Hattara: ruwa kawai ake sa wa ido. Ban da madara, nonon uwa, ruwan sukari, zuma, lemon kwalba, ruwan tsami ko albasa. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2008 ya kwatanta madara, da maganin gyambon ciki na ruwa, da sabulun wanke kan jarirai, da man kashe zafi, da ruwa zalla a kan fatar da aka fesa wa barkono, bai sami wanda ya fi ruwa ba. Madara tana sanyaya wuri na ɗan lokaci saboda sanyinta, amma wadda ta wuni a rana tana iya sa wa idon da ya riga ya goge ƙwayoyin cuta. Sabulu ma ba ya shiga cikin ido, na fata ne.

5. Fuska, wuya da gashi

Ido a rufe, kai a sunkuye gaba, a wanke fuska da sabulu da ruwan sanyi. A yi kumfa a hankali da tafin hannu, a ɗauraye, a sake, kamar sau uku zuwa biyar. Kada a dirje da soso. A kula da gira, bayan kunne, gefen hanci, gashin baki da gemu, don nan man ke maƙalewa. A kurkure baki a tofar. A busar da fuska da iska ko dangwalen tawul.

Hattara: kananzir da wasu ke jiƙa hanƙici da shi su toshe hanci, ko su shafa a fuska, haɗari ne tsantsa. Yana ƙona fata, shaƙarsa tana illata huhu, kuma wuta yake kamawa a wurin da gwangwani mai zafi ke faɗowa ana ƙona tayoyi. Haka man goge baki da ake shafawa ƙarƙashin ido, ƙarin ƙuna ne kawai. Man shafawa, basilin, man kaɗe da manja suna rufe yajin a kan fata ya daɗe yana ci. Wasu gwangwanayen feshin ma akwai sinadari mai kama wuta a cikinsu, saboda haka kada a kunna taba ko ashana kusa da wanda aka fesa.

6. Tufafi

Duk abin da feshin ya taɓa a cire shi: hula, mayafi, hijabi, niƙabi, takunkumi, riga. Mai maɓalli a ɓalle. Wadda sai an ciro ta ta kai, kamar hijabi ko kaftani ko singileti, idan ta jiƙe da feshin gara a tsaga ta da almakashi a zare ta ƙasa. In ba za a iya asarar ta ba, a naɗe ta daga ciki zuwa waje, mai ita ya rufe ido da baki, a ɗaga ta nesa da fuska. Ga mace, 'yan uwa mata su kewaye ta da zani a canja mata. Kunya kada ta sa a bar ta cikin hijabin da ke ci gaba da ƙona ta.

A zuba kayan a leda a ɗaure, a sake sa ta cikin wata. Kada a kaɗe su, musamman masu garin CS, don garin zai tashi ya kama kowa.

Wajen komawa gida, abin hawa buɗaɗɗe kamar adaidaita ya fi. In mota ce, a sauke gilasai duka a kashe na'urar sanyi.

7. Bayan an isa gida

A bar takalma a waje. Kada a rungumi yara, kada a zauna a kujera ko katifa sai an yi wanka. Wankan da ruwan sanyi za a fara. Ruwan zafi yana tayar da raɗaɗin sabo. A fara da kai: a sunkuya sosai a wanke gashi ruwan ya zuba ƙasa kai tsaye, kada ya bi fuska da jiki ya sauka gaba. Mai kitso ta wanke shi sau biyu ko uku, in har yajin na dawowa duk sanda ta yi gumi, ta tsefe.

Abu uku da ake mantawa. Kada a yi tsarki sai an wanke hannu da sabulu sosai, an kuma gwada ɗan yatsa a leɓe an ji babu yaji. Alwala ma haka, hannu da sabulu tukuna, sannan shaƙa ruwa da wanke fuska. Mai shayarwa ta wanke hannu da ƙirji ta canja riga kafin ta ba jariri nono, zanin goyon ma a canja. A dakata da kwalli da hoda har kwana ɗaya ko biyu.

Kayan da ke leda a wanke su daban da ruwan sanyi da omo, sau biyu, da safar hannu, a shanya a waje. Waya, agogo, makulli da carbi a goge su da tsumma mai ruwan sabulu. Sau da yawa yajin da ke dawowa ido washegari daga jikin waya yake.

8. Wanda dole ya je asibiti

Wanda tari ko sarƙewar numfashi ba ta lafa masa ba bayan awa ɗaya a iska mai kyau, ko ta lafa ta dawo cikin dare. Mai ciwon ƙirji. Mai asma ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, da jariri, da tsoho, ko da sun ce sun ji sauƙi. Wanda aka fesa a ɗaki ko mota rufaffiya. Wanda fatarsa ta yi bororo. Kada a fasa bororon. Wanda gwangwani ya buga a kai, ido ko ƙirji.

Game da ido, idan bayan awa ɗaya da wanki har yanzu yana gani dishi-dishi, ko yana jin kamar yashi a ciki, ko haske na soka shi, to wataƙila baƙin idon ya goge. Hakan ya fi faruwa idan an fesa daga kusa sosai, ƙasa da mita ɗaya, inda ƙarfin tsirtuwar kaɗai ke iya yin rauni. A asibiti za a ɗiga wani rini a haska a ga wurin. Duk babban asibiti mai sashen ido zai iya wannan, manyan raunuka kuma akan tura su wurare irin Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Hattara: kada a sayi maganin ɗigawa a kemis da ka. Wasu suna ɗauke da sinadarin rage kumburi wanda ke ɓata idon da ke da rauni.

9. Idan kana hannun 'yan sanda

Tsaya, ka buɗe tafin hannunka inda za su gani, kada ka kai hannu aljihu neman hanƙici. Ka faɗa da murya a sarari: ba na gani, ba na turjiya, ina da asma, ina buƙatar ruwa. Ka nemi a zaunar da kai. Wanda aka fesa, aka ɗaure hannunsa ta baya, aka kwantar da shi rub da ciki a bayan mota, shi ne ya fi kowa shiga haɗarin yankewar numfashi. Duk jami'in da ke karanta wannan ya riƙe shi da kyau: da an sa ankwa, a tayar da mutum zaune, a ba shi iska da ruwa, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Wannan ba alfarma ba ce. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kan amfani da ƙarfi sun wajabta wa jami'ai samar wa wanda ya ji rauni taimakon likita da wuri. Jagorar da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na majalisar ya fitar a 2020 ta ce ba a fesa wa wanda ya ƙi tashi kawai ba tare da faɗa ba, ba a ƙara fesa wa wanda aka riga aka kama, ba a kuma amfani da shi a rufaffen wuri marar iska ko mafita. A Najeriya akwai Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020, kuma dukkansu sun hana wulaƙanta wanda ke tsare.

10. Adana shaida da kai ƙorafi

A ranar, kafin mantuwa ta shigo, rubuta wuri, lokaci, abin da kake yi, ko an yi gargaɗi, nisan da aka fesa, da sau nawa. Rubuta sunan da ke ƙirjin jami'in ko lambar motarsu idan wani ya gani, da sunayen shaidu biyu. A ɗauki hoton fuska da ido a ranar, a sake washegari, don kumburi da bororo kan fito daga baya. Riga ɗaya a bar ta a ledarta ba a wanke ba. A asibiti ka nemi a rubuta abin da ya jawo raunin a katinka, ka karɓi rahoton likita mai hatimi, ka adana rasiɗan magani.

Ana kai ƙorafi ga sashen karɓar ƙorafe-ƙorafe na rundunar 'yan sanda, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa wadda ke da ofisoshi a jihohi kuma ba ta karɓar kuɗi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnati. A kai kwafi a riƙe na asali, a tabbata an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za a dawo da shi gida.